Abokan Wasan Mutanen Kumbo

A jami'a na koyi wasan, wurin wani ɗan ajinmu da ya tashi a gidajen malamai, cikin tarkacen littattafan da Turawa suka tafi suka bari. Ba wani abu ba ne illa tatsuniyar da ake haɗuwa a ƙera tare. Mutum ɗaya ke jan labari, ya ce ga inda kuke, ga abin da ya tunkaro ku. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne, kamar tsallake rami ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ƙwayar lido, lambar da ta fito ita za ta ce an dace ko ba a dace ba. Namu labarin na matafiya ne a cikin kumbo, suna yawo tsakanin taurari. Da na gama karatu na dawo Daura na kama koyarwa a sakandare, na taho da fotokwafin littafin dokokin wasan a ƙasan akwati, ina jin kunyar a gan shi a hannun mai gemu.

Mu huɗu muka riƙe shi. Ni ke jan labari. Akwai wani ɗan Mashi da ke aiki a ɗakin shan magani, mutum mai son ƙa'ida, wanda ko shayi zai haɗa sai ya auna sukari da ido biyu. Sai abokina na ƙuruciya, ɗan malamin unguwarmu, mai fataucin awaki da tumaki a kasuwannin bakin iyaka. Sai taubashinsa, ɗan ƙanin mahaifiyarsa, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. A bayan shagonsa muke zama ranar Asabar.

Waɗannan biyun in suna wuri ba ka buƙatar rediyon. Taubasai ne, kuma sun ɗauki wasan taubasantaka kamar sana'a. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Abokina zai shigo ya ce a ba shi wuri, warin dalma ya ishe shi, mai rediyo ya ce ai gara dalma da wanda bunsuru ke yi wa kallon ɗan'uwa. Sun taɓa tsayar mini da labari tun daga azahar har la'asar suna gardamar wanda ya fi wani girman kunne. Raina yakan ɓaci, domin ni na kwana ina shirya musu yaƙi, amma ban taɓa iya riƙe dariya ba.

Ana cikin haka suka je cin kasuwar Zango a kan babur, taubashin ke tuƙi, abokina a baya. A hanyar dawowa saniya ta ratso titi, ya kauce mata, sai ga motar haya. Taubashin ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Abokina kuwa sai da aka kai shi Katsina, aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Babu wanda ya ɗora wa taubashin laifi. Malam, mahaifin abokina, da kansa ya ce ƙaddara ce, ya hana a sake tayar da maganar a gidansa.

Amma shi taubashin ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya jingine babur ɗin a soro bai ƙara hawa ba. Kullum sai ya zo duba abokina, da fura ko kankana a leda, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ce sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya zauna yana kallon tabarma. In abokina ya jefa masa magana, ya ce ga bawana ya kawo gaisuwa, sai ya yi ɗan murmushi ya ce haka ne. Haka ne! Mutumin da a da kafin ka kai aya ya mayar maka da uku. Na sha ganin fuskar abokina a irin wannan lokacin, kamar wanda ya miƙa hannu a gaisa aka bar shi da shi a miƙe. Daga baya ya fara cewa in taubashin ya zo a ce masa yana barci. Nan hankalina ya tashi, domin na ga bayan ƙafa, yana shirin rasa mutumin da ya fi kowa kusa da shi, kuma ladabi ne zai raba su.

Ɗan Mashi ne ya kawo shawarar mu mayar da wasan zauren Malam, tunda abokina ba ya fita. Sai dai shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a. 'Yan karta sun watse daga gindin itatuwa, masu lido ma sun koma cikin gida. Ka shiga zauren malamin unguwa da ƙwayar lido a aljihu, ai ka nemi magana. Na je na durƙusa na yi masa bayani, ina in'ina kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko ana zuba wani abu, na ce ko goro ba a zubawa. Ya ce to ƙwayar nan dai ba za ta gangara a zaurensa ba, amma ƙuri'a ba ta da laifi. Shi ya koya mana mu samo ƙwallayen dabino, mu rubuta lamba a jikin kowanne, mu zuba a hula, mai buƙata ya sa hannu ya zaro. Ya ƙara da cewa in aka kira salla, ko a bakin wace tauraruwa muke, mu sauko. Na san ba don wasan ya burge shi ya yarda ba. Ya gaji ne da jin shirun ɗansa.

Lokacin damina ne, ana dogon hutu, gero ya fara fitar da kai. Labarinmu kuma ya kawo inda dole a yi zaɓi. Kumbon ya kai ƙarshen sararin da 'yan Adam suka sani, daga nan sai halittun wasu duniyoyi. Littafin dokokin da ke hannuna mutane kawai ya sani. Kowace al'umma ta baƙin halittu tana da nata littafin daban, mai bayanin surarsu da abincinsu da shari'arsu, da waɗanda suke ƙawance da su da waɗanda suke gaba da su. Na aika wa ɗan ajin nan namu, ya ba wani direba guda uku ya kawo mini aro. Ba zan iya da su duka ba, domin sai na karanta na juya su Hausa a kaina kafin in saka su a labari. Muka ce a zaɓi ɗaya.

Na baje su a tabarma. Na farko na wasu mayaƙa ne masu fata irin ta damo, ba sa ja da baya, ba sa cin abinci da wanda bai taɓa zubar da jini ba. Na biyu na fatake ne masu hannu huɗu, waɗanda ba sa ƙarya ko kaɗan amma ba a taɓa cin ribarsu ba. Malam ya zo wucewa ya tsaya ya ɗaga shi yana duban hoton. Ya tambaya ko aljanu ne, na ce a'a, ƙirƙira ce. Ya ce to ƙarya ce aka yi wa bango, amma halittar Allah tana da yawa, kuma wannan mai hannu huɗun kamar ya taɓa sayar masa da rago. Ya ajiye ya shige gida.

Na uku shi ne matsalar. Na wata al'umma ce da aka haifa a cikin kumbo, kaka da kakanni ba su taɓa taka ƙasa ba. Da yake a can babu nauyin da ke jan mutum ƙasa, ƙafafunsu sun shanye sun zama kamar igiya, da hannu suke tafiya, suna lilo daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Babu wanda ya kai su sanin hanyar taurari. Amma in kumbo ya sauka a wata duniya, ba sa iya ko tsayuwa, sai an goya su. Hoton bangon ma haka ya nuna, wani siririn mutum mai faɗin ƙirji, ƙafafu na reto. Ban lura da abin da na kawo zauren ba sai da na ajiye shi kusa da sandunan abokina.

Taubashin ya yi wuf ya ja littafin gefe. Ya ce wannan takardarsa ta yi duhu, ba za ta karantu ba. Na ce ina ganinta sarai. Ya ce to ai waɗannan ba su da wani abin sha'awa, a ɗauki mayaƙan kawai a wuce wurin. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun kafin hatsarin. Ɗan Mashi ya goyi bayansa, ya kawo hujjoji na lissafi, wai lambobin mayaƙan sun fi daidaituwa da na mutanenmu. Duk mun san dalilin, shi ma wanda ake yi dominsa ya sani. Yana jingine da bango yana jujjuya ƙwallon dabino a hannu har suka gaji.

Sannan ya ce in karanto masa abokan gaban kowace al'umma, na karanto. Ya ce in karanto ƙawayensu, na karanto. Sai ya ce, "To su wa ke wasa da su?"

Na ce wane irin wasa. Ya ce wasa dai, irin na Fulani da Barebari, irin na mahauta da masunta in an haɗu a kasuwa, wanda za ka tare mutum ka ce masa bawanka ne, ya yi dariya ya rama. Na duba littattafan nan uku daga bango zuwa bango. Akwai shafin yaƙi, akwai shafin ciniki, akwai har shafin yadda suke binne matattunsu. Babu inda aka ce ga wanda ya isa ya zage su su yi dariya. Ɗan Mashi ya ce ai Bature bai san wannan ba. Abokina ya ce to Bature bai gama aikinsa ba. Ya ce al'ummar da babu mai tsokanarta, ko dai tsoronta ake ji ko tausayinta, kuma shi bai ga wanda zai so zama cikin ko ɗaya ba.

Daga nan ya yanke hukunci kamar shi ke jan labarin. Ya ce littafi biyu za a ɗauka. Shi zai ajiye mutumin da yake riƙe da shi tun farko ya zama ɗan kumbo. Taubashinsa kuma ya zama mai fatar damo, tunda ya nace, kuma dama akwai kama. Al'ummun nan biyu abokan wasan juna ne tun zamanin kakanni, duk inda suka haɗu sai sun taɓa. Ya dube ni ya ce in rubuta a doka. Na ce littafi biyu aiki ne, ni zan sha wahalar. Ya ce ai hutu ake yi, me nake yi da rana in ba barci ba.

Na rubuta. Na ma ƙara da nawa, don na gane inda ya dosa: duk lokacin da ɗan kumbo ya tsokani mai fatar damo bai rama ba, mutanensa za su ɗauke shi matsoraci, a rage masa lamba a ƙuri'ar gaba. Ɗan Mashi ya yi ƙorafi wai ba haka ake gyara doka ba, sai an gwada an ga ko ta yi daidai. Na ce masa ya kai ƙara.

Ban taɓa jin daɗin shirya labari kamar na makonnin nan ba. Abokina ya ɗauki mutanen kumbo ya mayar da su nasa. Littafin ya ce suna kiwon wasu halittu a cikin tankuna don abinci, shi kuwa ya ce garke ne, ya ba su kamannu, ya ce akwai mai gardama a cikinsu wadda ba ta shiga tanki sai an yi mata waƙa. Ya ƙirƙiro musu gaisuwa, da yadda suke cinikin hanya da hannu a ƙarƙashin mayafi kamar dillalan dabbobi a kara. Muryarsa ta dawo. Har yara masu ɗaukar karatu suka riƙa maƙalewa a ƙofar zaure, ana kora suna dawowa.

Amma abin da aka yi dokar dominsa bai samu ba. Ɗan kumbo zai ce wa mai fatar damo ya matsa, ƙaiƙayinsa na zuba a cikin miya. Taubashin ya sunkuyar da kai ya ce mutumin nasa ya yi shiru ya wuce. In rage masa lamba. A sake haɗuwa, a ce masa an ga ƙanwarsa tana shan rana a kan dutse, ya ce mutumin nasa bai ji ba. In sake ragewa. Jarumin da littafi ya ce ba ya ja da baya ya zama abin tausayi, ko ƙofa ya zo buɗewa sai ta gagare shi. Ya gwammace ya faɗi a kowace ƙuri'a da ya buɗe baki ya faɗa wa mai ƙafa ɗaya magana. Wata rana bayan mun fito na tare shi a lungu na ce masa abin da yake yi ba kunya ba ce, horo ne, kuma ba shi kaɗai yake sha ba. Ya ce in bar shi, ni ban ji ƙarar hatsarin ba. Na bar shi.

Ran da abin ya zo, ban shirya shi don haka ba. An yi ruwa da safe, zauren na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, muna zaune bayan azahar. A labarin, injin kumbon ya lalace, dole aka sauka a wata duniya mai duwatsu don neman abin gyara. Ɗan kumbo ne kaɗai ya san ƙarfen da ake nema in ya gan shi, don haka dole a fita da shi. Ɗan Mashi, da yake shi bai san komai ba sai ƙa'ida, ya buɗe littafi ya ce a nan fa mutumin ba zai iya tafiya ba, sai an goya shi, kuma a lissafi babu mai ƙarfin ɗaukarsa sai mai fatar damo. Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa. Na ga ya dafe goshi.

Taubashin ya ce a hankali, mutumin nasa ya durƙusa ya juya baya.

Abokina ya gyara zama. Ya kalli taubashin, ba takardar da ke gabansa ba, ya ce, "Ni in hau bayan wannan? Wancan karon da na hau bayansa ƙafa guda na baro a hanyar Zango. Saura ɗaya gare ni, ina sonta."

Ina riƙe da hular ƙuri'a, na tsaya da girgiza ta. Tunda aka yi hatsarin babu wanda ya taɓa haɗa sunan hanyar nan da taubashin a magana ɗaya, a gabansa ko a bayansa. Na ji haushin abokina a lokacin, na ce a raina wannan ya wuce wasa. Amma da na dubi fuskarsa na ga babu mugunta a ciki. Roƙo yake yi. Ya jefa abu mafi nauyi da yake da shi, in wannan bai dawo masa ba, ba shi da sauran abin jefawa.

Taubashin ya daɗe yana kallon tabarma. Ɗan Mashi ya buɗe baki zai kawo wata maganar ya rufe zancen, na take masa ƙafa. Can sai muka ji muryar taubashin ƙasa-ƙasa.

"Wadda ka baro ɗin ma ai karkatacciya ce, duk Daura an sani. Gyara na yi maka, ko na gode babu."

Abokina ya fashe da dariya har ya zame daga jikin bango. Irin dariyar da ke sa mutum tari. Yana yi yana dukan tabarma yana cewa a ji mini ɗan banza, a ji mini bawa da bakin ubangidansa. Ɗan Mashi ya bi, ni ma na bi, duk da idona ya cika. Taubashin ya so ya yi dariyar, fuskarsa ta ƙi. Ya tashi da sauri ya ɗauki buta ya fita, wai zai kama ruwa, alhali ko kusa la'asar ba ta yi ba. Ta tagar zauren muna jin sa a bayan katanga, yana kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauƙi. Labulen ƙofar cikin gida ya motsa, na hangi gefen rawanin Malam, ya tsaya jim kaɗan sannan ya koma.

Na rasa abin yi, sai na girgiza hular na ce ko mu ci gaba, in ya dawo ya tarar da mu. Abokina ya riƙe mini hannu. Dariyar ta tafi, yana share ido da hannun riga.

Ya ce, "Bari ya gama. Tun daga asibiti yake gaishe ni kamar surukinsa. Ƙafar nan wallahi na haƙura da ita tun a Katsina. Shi ne na kasa haƙura da shi."

Na ajiye hular a tsakiyar tabarma. Ɗan Mashi ya rufe littafin ya sa yatsa a shafin da muke. Muka zauna muna jiran taubashin har muka ji yana wanke fuska.